Irin da Aka Surfe

A gidanmu na Runjin Sambo babu mai riƙe fartanya. Baba ma'aikacin gwamnati ne, Inna tana ɗinkin huluna a tsakar gida, ni kuma tun ina ƙarami da littafi aka san ni. Duk da haka, har na shiga jami'a ban san ɗanɗanon furar geron kasuwa ba. Geronmu daga Dundaye yake zuwa, daga gonar da kakana na wajen uwa ya bari, wadda Kawu, yayan Inna, yake nomawa. Ba a raba gonar ba, abin da ta bayar ake rabawa. Duk kaka Kawu zai ɗauko hayar a-kori-kura, ya lodo buhunan Inna, ya sauke su a zaure. A saman kayan yakan ɗoro mana tumu, wato sababbin kawunan gero da ake gasawa, mu zauna muna murzawa muna hurawa har bakinmu ya yi baƙi.

Geron nan zango ne, mai dogon kai. In Kawu ya ɗora kai ɗaya a hannunsa, yakan taso daga yatsu ya wuce gwiwar hannu. Zango dai ba a gidanmu aka fara shi ba, amma namu yana da tarihinsa. Kakana ya yi shekaru yana bin gona kafin girbi yana zaɓen kawunan da suka fi cika, ya ɗaure su daban, ya rataye a can saman rumbu inda hannun mai daka ba ya kaiwa. Kawu ya gaji wannan zaɓen. A hankali geron ya zama na wannan jigawar ita kaɗai, ya san ƙasarta, ita ma ta san shi. Inna takan ce furarsa tana kwana ba ta sake ba, kuma mutum in ya sha da hantsi ba ya neman wani abu sai la'asar.

Akwai yadda ake ba da shi. A gidan kakana ba a sayar da iri, kuma ba a aiko yaro ya karɓa. Mai so shi zai tako da ƙafarsa, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a gaisa a tambayi iyali, sannan ya ce ya zo roƙon iri. Ko attajiri ne, kalmar da zai faɗa ke nan. A ɗebo masa a ƙwarya, a yi addu'a, ya tafi. Ina yaro na ɗauka duk duniya haka ake yi.

Hanyar jami'a ta kusa da Dundaye take bi. Da na fara karatu, duk ranar da aka sami tazara tsakanin darussa sai in sauka gidan Kawu, in zauna ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidansa da littafina. Tarihi nake karanta, ban san komai a kan noma ba. Ba ni da yawan magana, shi ma in ba tsokana ba ba ya ɓata baki, don haka zamanmu ya zo daidai. Malam Shiru yake kirana.

"Malam Shiru, mutanen da kaka karantawa sun ci abinci kuwa, ko yaƙi kawai sunka yi?"

Sai in yi murmushi in ce sun ci.

"To ka duba muna mi sunka ci."

A waɗannan shekarun ina kallon gari yana matsowa. Inda na san gonar wake aka zuba bulo, inda na san dawa aka yi ɗakunan haya na ɗalibai. 'Ya'yan Kawu maza biyu, ɗaya yana kabu-kabu a cikin gari, ɗaya ya tafi kudu neman kuɗi. Maƙwabtan da suka rage suna noma kusan duk sun koma irin leda, gajeren gero mai saurin nuna. Kawu bai taɓa zaginsa ba. Ya ce damina ta gajarce, wanda ya gudu zuwa ga mai sauri bai yi laifi ba. Shi dai zango yake so, kuma zango yana son ruwa ya daɗe.

Shi ya sa yake yin binne. Binne shi ne a shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta yana jira, ta yadda ruwan farko ba zai wuce a banza ba. Ga mai zango a damina irin ta yanzu, wannan ruwan farkon yana iya zama bambancin cikakken kai da ƙaiƙayi. Amma in ruwan ya zo ɗan kaɗan, ya jiƙa iri ya tayar da shi sannan ya ɗauke, an yi asara.

Shekarar da nake aji uku, damina ta baya ba ta yi kyau ba. Rumbun Kawu bai kai rabi ba, rabon Inna ma ya ragu. Da bazara ta yi tsanani, wata safiya na sauka Dundaye na tarar da shi ya fito da sungumi.

"Aje littahin nan ka riƙa mani ƙwarya. Yau ka ga inda hurarka ka hitowa."

Shi yana gaba yana sara, ni ina biye ina zuba iri ina rufewa da diddige. Ƙasa ta ɗau zafi tun rana ba ta ɗaga ba, tana shiga takalmina. Can ya waiwayo ya ga na yi nisa a baya, na tsaya ina ƙirga ƙwayoyi a tafin hannu don kowane rami ya sami daidai da ɗan'uwansa.

"Mi kaka yi?"

"Ina so su zo daidai, Kawu."

Ya yi dariya har ya dafa sungumi. "Wanga yaro zai sa mu yi Sallah a gona. Yatsa ukku, ka tsunkula, ka saki. Ƙasa ba ta ba da maki."

Muka gama kafin rana ta take. A hanyar gida ya nuna mini da haɓa inda gajimare yake taruwa a gabas, ya ce ya bar rabin iri a saman rumbu saboda halin ko-ta-kwana.

Ruwan ya zo bayan 'yan kwanaki. A Runjin Sambo ko kwata bai cika ba. A Dundaye ya jiƙa ƙasa kamar tsawon yatsa, ya isa ya tayar da iri. Na je na ga gonar ta yi layi-layi kore, siririn tsiro kamar allura. Daga nan sama ta washe. Rana ta dawo da ƙarfinta, iska mai zafi tana kaɗawa tana kwasar yashi tana watsa wa tsiron. Da na sake komawa, layukan sun zama ruwan toka, in ka taɓa sai su murmushe.

Kawu bai sake shuka nan take ba. Ya jira. Aka yi wani ruwa mai ƙarfi wanda ya cika kududdufai, har masu keke suna zagaye hanyar unguwarmu, kowa ya ce damina ta zauna. Manoma suka fita gaba ɗaya, shi ma ya hau rumbu ya sauko da sauran irin ya shuka. Wannan karon tsiron ya kai ya yi ganye. Sai ruwa ya sake ɗaukewa, ya daɗe fiye da na farko. Aka fita roƙon ruwa a filin idi. Masu irin leda suka yi asara su ma, amma su sun san shagon da za su koma. Kawu ya duba saman rumbu babu komai, ya duba ƙasansa ya tarar an share tun kafin azumi, hatsin da gidansa yake ci ma sayowa ake yi.

Duk wannan ban san iyakarsa ba a lokacin. Jarrabawa ta matso, na yi kwanaki ban sauka Dundaye ba.

A gidanmu akwai sauran geron bara, ɗan kaɗan a gindin buhu. Inna ta daɗe tana ririta shi. Tana haɗa abinci da masara da ɗan abin da Baba ya samo, shi kuma ta ɗaure bakin buhun ta tura ƙarƙashin gado. Amma kayan abinci sun yi tsada a shekarar nan yadda ban taɓa gani ba, albashi kuma ba ya kai ƙarshen wata. Wata ranar Laraba ta jawo buhun ta zazzage shi a turmi, ta yayyafa ruwa, ta surfe shi tas, ta wanke, ta shanya a tabarma. Ta ce gobe a kai inji, a sami na kunu da na fura ko na mako ɗaya ne.

Washegari da hantsi ina zaune a bakin ƙofar ɗaki ina bita, na ji sallamar Kawu. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a alhali ba Juma'a ba ce, ya sa hula mai kyau. Inna ta shimfiɗa masa darduma a inuwa, ta kawo ruwa, ta durƙusa suka gaisa. Ya tambayi Baba, ya tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ciwon ƙafarta. Ita ma ta tambayi mutanen Dundaye. Na lura tunda ya zauna bai dubi tsakar gida ba. Sai da gaisuwa ta ƙare ya gyara zama ya ce,

"Na taho roƙon iri."

Inna ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. "Yaya, ni za ka roƙa iri? Rumbu gare ni?"

"Wanda nik kawo maki bara. In da saura, ko cikin tahi ɗaya na."

Dariyar ta tsaya. Ta juya ta dubi tabarmar da ke rana, shi ma ya bi idonta. Geron yana nan a baje, fari tas, yana ƙyalli, kaji suna zagayensa ƙanwata tana kora. Ya tashi ya je ya tsuguna, ya ɗebo a hannu, ya kawo kusa da ido. Daga inda nake zaune geron lafiya lau yake, ƙwaya-ƙwaya. Amma surfe yana cire masa riga, yana ƙuje ɗan idon da tsiro yake fitowa. Abinci ne mai kyau, amma ba zai ƙara tsirowa ba.

"An surhe," in ji shi.

"An surhe, Yaya. Jiya-jiyan nan." Inna ta taso ta tsaya kusa da shi. "Yaushe kas san babu?"

"Tun ran Lahadi."

"Tun Lahadi! To mi yah hana ka bugo mani waya? Ga waya aljihunka, kullum kana kirana a kan abin da bai kai wannan ba."

"Ba a roƙon iri ta waya."

"Ni ta fa, Yaya. Ba wata ba. Ɗaki guda anka haihe mu."

"Shi ya sa," ya ce. Sannan ya ƙara da cewa Litinin an yi rasuwa a maƙwabta, Talata ya zauna karɓar gaisuwa, Laraba mashin ɗin ɗansa ya lalace. Yana faɗa yana zuba geron a hankali daga hannunsa zuwa tabarma, yana kakkaɓe wanda ya manne a tafinsa don kada ko ɗaya ya faɗi ƙasa.

Inna ta shiga ɗaki ta jawo buhun, ta juya cikinsa waje, ta kakkaɓe a faifai. Ƙura ce ta fito da 'yan ƙwayoyi da ƙwari suka huda. Ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska da gefen mayafi. Kawu ya ce mata ta daina, abinci ta yi wa 'ya'yanta, ba ɓarna ta yi ba. Da zai tafi ya ce a kai inji kada ya yi tsami. Mun sha kunun geron nan har ya ƙare. Ban taɓa shan kunu a gidanmu babu mai magana ba sai a wannan makon.

Ranar Asabar na bi shi muka shiga neman waɗanda suka taɓa karɓar iri daga gidan kakana. Ya sa rigar nan dai. Wani tsoho da muka fara zuwa wurinsa, abokin wasan Kawu ne, mun same shi a kan benci gaban jerin shaguna.

"Ga gonar nan kana kallo," in ji shi, ya nuna shagunan. "Bana na shuka mai aski da mai cajin waya. Ba su son taki, ba su son ruwa. In kana son irinsu in ɗebo maka."

"Allah shi shirye ka," in ji Kawu. Suka yi dariya tare, amma da muka juya tsohon ya kira shi ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba.

Wata tsohuwa da mijinta ya rasu ta ce sun riƙe irin har bara. Da abinci ya yanke musu kafin damina, jikoki suna kuka, ta sauko da shi ta daka. "Mun ci shi, Allah shi yahe muna." Kawu ya ce babu abin yafewa. Sauran duk amsa ɗaya ce, sun bar zango tun tuni, ba ya kai su gaci.

Akwai dangi a ƙauyukan gabas da Kawu ya tabbata suna da shi, amma hanyar can ba ta biyuwa a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Ɗaya daga cikinsu ma a bayan Dundaye muka same shi, yana zaune da iyalinsa a wani kango da ba a yi wa rufi duka ba, yana gadin bulo. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya sunkuyar da kai.

"Yana nan rumbuna, dami guda, na ɗaure da hannuna. In ba su ƙone ba." Ya ɗago ya dubi Kawu. "Ban ce ka tahi ba."

Ruwa kuwa ya dawo sosai, kuma ba ya jiran kowa. Kowace safiya da ta wuce, damina tana raguwa. Wata rana Kawu ya ce in raka shi kasuwa. Da muka kai layin masu maganin feshi da iri, sai ya tsaya a bakin wata rumfa ya miƙo mini kuɗi.

"Shiga kai. Ni ban san yadda aka tambaya ba."

Na shiga na ce a ba ni irin gero mai sauri. Mai shagon ya miƙo leda mai hoton kore, ya ce an gauraya shi da magani, kada a bari yara ko kaji su taɓa, kuma in ana so ya riƙa yin kyau a riƙa sabuntawa. Na fito na ba Kawu. Ya yage bakin ledar ya leƙa. Ƙwayoyin jajaye ne.

"Wanga lalle anka yi mashi? Aure za shi?"

Na gaya masa abin da mai shago ya ce.

"Iri da ba a ci," ya ce, yana jujjuya ledar. Ya cusa ta cikin aljihun riga, muka nemi keke.

Ya shuka, ya fito da kyau. Ina ganin da a nan abin ya tsaya da ya fi mana sauƙi.

Bayan noman farko na je Dundaye, Kawu ya tare ni tun daga ƙofa, fuskarsa a sake yadda na daɗe ban gani ba. Bai bar ni na ajiye jaka ba, ya ja ni zuwa kusurwar gona, gindin wani gawo inda ake tara dammuna duk kaka kafin a kwashe. A nan, cikin ciyawa, ga wasu 'yan tushen gero da ba a kan layi suke ba. Gyauro ne, ƙwayoyin da suka zube bara suka kwanta a ƙasa, inuwa da ganyen gawo suka rufe su har ruwan gaske ya zo. Ba su da yawa. Mutum zai iya rufe wurin da tabarma biyu.

"Dubi ganyen," in ji shi. "Dubi hwaɗinsa. Shi na."

Ya cire musu ciyawa da hannu, ya zuba takin awaki, ya sare ƙaya ya kewaye su. Labari ya kai Runjin Sambo kafin in koma. Inna ta yi sadakar ƙosai. Duk ranar da na dawo daga makaranta sai ta tambaye ni sun kai ina, ni kuma in nuna mata a jikina, gwiwa, ƙugu, kafaɗa, har suka wuce kaina.

Gajeren geron ya yi ciki, ya fid da kai, ya nuna, duk zangon yana tsaye yana ƙara tsawo. Sai da aka fara girbi a gonakin maƙwabta sannan ya fito da kawunansa, dogaye kamar yadda muka san su, suka yi bununi fari. Ruwa biyu ko uku kawai suke nema. Na shiga duba sama kamar kowa, ni da ban saba ba. Da safe gajimare zai taru, da rana ya watse. Daga baya ko taruwar ya daina. Iska ta juya, dare ya fara sanyi, masu shanu suka fara tambaya ko an gama a sako dabbobi.

Kawu bai saki ba. Ya roƙi makiyayan su bi ta ɗaya gefen, suka yarda. Ya riƙa turo jarkoki a baro daga rijiya yana zubawa a gindin kowane tushe, ga tsufa ga yashi mai kama taya. Tsuntsaye da suka rasa abin ci a sauran gonaki suka taru a kan 'yan kawunan nan, sai ya kwance gidan sauronsa ya yayyanka ya ɗaure a kowane kai. In ka hango daga hanya sai ka ce mutane ne tsaye cikin mayafi. Ranar da ba ni da darasi nakan karɓi baron. Ƙasa tana shanye ruwan kafin in juya.

Ranar da ya yanke su ina nan. Ya shimfiɗa zane a gindin gawon, ya kwance ragar, ya jera kawunan. Tsawonsu bai ragu da komai ba. Ya ɗauki na farko, na ga hannunsa ya yi sama da sauri fiye da yadda ya yi niyya, don babu nauyi. Ya murza a tafinsa ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, tafin ya rage wayam. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko ɗaya ba. A ƙarshe abin da ya taru a zanen bai cika murfin kwalba ba, 'yan ƙwayoyi sirara, a yamutse, masu duhu.

Ya daɗe yana kallonsu. Ni ne na yi magana, abin da ban saba ba. Na ce a sakandare an koya mana yadda ake gwada iri a jiƙaƙƙen ƙyalle, in ya yarda in ɗauki kaɗan in gani, in sun tsiro sai a adana sauran.

"Ɗauki duka," ya ce. "Kai ka iya ƙirga."

Ban ɗauki duka ba, rabi na ɗauka. Na wanke farantin tangaran, na shimfiɗa tsohon farin ƙyalle, na jera ƙwayoyin da tsinke ba mai taɓa wata, na rufe, na ajiye a kan akwatin littattafaina inda rana ba ta bugu. Safe da yamma ina yayyafa ruwa. Don in tabbata ba hannuna ne da laifi ba, na sa geron bana a wani farantin kusa da shi. Na bana ya fasa ya fito da farin saiwa cikin 'yan kwanaki. Namu ya kumbura kaɗan, ya tsaya. Inna takan shigo kamar tana neman wani abu, ta ɗaga ƙyallen, ta mayar, ta fita. Na ƙara masa lokaci fiye da yadda aka koya mana. Na karɓo sauran rabin na sake gwadawa da sabon ƙyalle. Daga baya fumfuna ta fara fitowa a jikinsu, ɗakin ya ɗau warin tsami.

Kawu ya zo da a-kori-kura a ƙarshen makon, ya kawo rabon Inna. Buhunan sun fi na bara yawa, gaskiya ce, kuma su suka riƙe mu har wata damina. Da aka gama saukewa ya zauna a tsakar gida, Inna ta dama masa fura da sabon geron. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye.

"Ba laihi," ya ce.

"Ba laihi," in ji Inna. Ba su dubi juna ba.

Ya juyo wajena. "Malam Shiru, ina labari?"

Na shirya maganar tun da safe, yadda zan fara da yadda zan ƙare, amma da ya tambaya sai ta ɓace. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko farantin na ajiye a gabansa, na ɗaga ƙyallen. Ya sunkuya ya duba. Ya sa yatsa ya danna ƙwaya ɗaya, ta fashe ta zama ruwa.

"Ko guda?"

"Ko guda, Kawu."

Ya gyaɗa kai. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, Inna ta amsa can ƙasa-ƙasa. Na ɗauki farantin zan kai bakin kwata in wanke, sai ya ɗaga hannu.

"Kak ka zubar. Ba kaji su ci."

Na kai bayan madafa na karkaɗe ƙyallen a ƙasa. Kajin suka rugo, kafin in miƙe sun tsince. Da na dawo Kawu ya shanye furarsa, yana tambayar Inna ko tana da buhunan da ba ta amfani da su, don mai motar yana jira a waje.